Ƙodar da inji zai buga ba ta iso ba, a daina cewa mara lafiya ya jira ta

Kwanakin baya wani ƙanina ya turo mini gajeren bidiyo a WhatsApp, ya rubuta a ƙasansa: "Yaya, duba mini wannan, gaskiya ne kuwa?" Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Wani inji ne mai bakin allura yana kai da komo a kan faranti, yana zubo wani abu ja mai kauri, a hankali har siffar ƙoda ta fito. Mai bayani yana cewa matsalar dashen sassan jiki ta zo ƙarshe, nan da 'yan shekaru duk mai neman ƙoda ko zuciya sai dai a buga masa tasa kamar yadda ake buga takarda.

Da wani ne ya turo da ban tsaya a kai ba. Amma shi wannan ƙanin nawa, matarsa ta shekara biyu ana yi mata wankin ƙoda, sau uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu. A daidai lokacin kuma ana shirin kai ƙaninta asibiti a gwada ko zai iya ba ta ƙoda ɗaya. Da na kira shi sai ya ce da ni: "Yaya, in dai abin nan ya kusa, me zai sa a yanka yaron nan? Ba gara mu ɗan ƙara haƙuri ba?"

Wannan tambayar ce ta hana ni barci a daren.

Ga matsayina tun daga farko. Ina goyon bayan binciken buga sassan jiki da inji, ina kuma roƙon Allah ya nuna mana ranar da zai yi nasara. Amma har yau babu mutum ɗaya a duniya da yake rayuwa da ƙoda ko hanta ko zuciya ko huhun da inji ya buga. Duk wanda ya sa mara lafiya ya ɗauka abin yana bakin ƙofa ya cuce shi, ko da kyakkyawar niyya ya yi.

Abin da injin yake yi

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan tubala masu rai waɗanda ido ba ya gani, su ake kira ƙwayoyin halitta. Masu wannan bincike sukan ɗebi kaɗan daga jikin mutum, su rene su a ɗakin gwaji har su yi yawa, su gauraya su da wani abu mai yauƙi da zai riƙe su. Wannan haɗin shi ne tawadar. Kwamfuta ce ke ɗauke da zanen, injin kuma yana shimfiɗa tawadar hawa bisa hawa har siffar ta tashi.

Dabarar ta ɗan jima. Tun a farkon shekarun 2000 Thomas Boland na jami'ar Clemson a Amurka ya gyara firinta irin ta ofis, ya sa ta fesa ƙwayoyi masu rai a maimakon tawada. Fiye da shekara 20 ke nan.

A tsawon wannan lokaci an yi abin a zo a gani. A watan Maris na 2022, a birnin San Antonio da ke Texas, an dasa wa wata budurwa 'yar shekara 20 daga Meziko kunnen da aka buga da ƙwayoyin guringuntsinta, bayan an haife ta da kunne ɗaya wanda bai cika ba. Ba na raina wannan. Duk wanda ya san yadda yaro ke ji idan abokai suna kallon wani wuri a jikinsa ya san darajar wannan aiki.

Sai dai kunne guringuntsi ne, guringuntsi kuwa ba shi da jijiyoyin jini a cikinsa. Shi ya sa aka fara cin nasara a kansa.

Kama da wane ba ta wane

A watan Afrilu na 2019 hotuna suka zagaye duniya: masu bincike a jami'ar Tel Aviv, ƙarƙashin Tal Dvir, sun buga zuciya da ƙwayoyin ɗan'adam. Hoton gaskiya ne. Abin da kanun labarai da yawa suka tsallake shi ne girmanta bai wuce na zuciyar zomo ba, kuma ba ta iya harba jini. Siffar zuciya gare ta, aikin zuciya bai zo ba tukuna. Zuciyar da ke ƙirjinka tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, ba hutu, shekara da shekaru.

Kafin nan, a 2011, likita Anthony Atala ya hau dandalin TED, wani shahararren taron gabatar da jawabai, ya nuna wa jama'a wani samfuri mai siffar ƙoda da inji ya buga. Wasu kafafen labarai suka ce an buga ƙodar gaske, har sai da cibiyarsa ta Wake Forest ta fito ta ce ba haka ba ne. Gyaran bai yi tafiyar da labarin farko ya yi ba. Na tabbata irin waɗannan hotuna ne ake ta yankowa ana haɗa bidiyo irin wanda ƙanina ya gani.

To me ya tsaya wa abin? Jini.

Kowace ƙwayar halitta tana buƙatar iskar oksijin da abinci, kuma a yawancin sassan jiki ba za ta rayu ba idan ta yi nisa da jijiyar jini fiye da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, wato kaurin takarda biyu. Idan ka buga tsoka mai kauri babu hanyoyin jini a ciki, na gefe za su rayu, na tsakiya su mutu cikin ɗan lokaci. Kamar ka gina katafaren birni ne, ka zuba mutane a kowane ɗaki, alhali ba ka ja bututun ruwa ko ɗaya ba. Ƙananan jijiyoyin da ake buƙata kuwa sun yi siranta har ƙwayoyin jini sai sun jera ɗaya bayan ɗaya suke wucewa. Ana ci gaba a wannan fanni. A 2019 Jordan Miller na jami'ar Rice da Kelly Stevens ta jami'ar Washington sun buga wata 'yar jaka mai kwaikwayon huhu, da hanyoyin jini kewaye da ita, ta kuma iya sa wa jini oksijin. Amma jaka ɗaya ce, huhun mutum kuwa yana da irinta miliyoyi ɗari-ɗari.

Ita ƙoda lamarinta ya fi haka wuya. A cikin kowace ɗaya akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, da nau'in ƙwayoyi fiye da 20, kowanne da wurin zamansa da aikinsa. Su biyun suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini a kullum, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da kimanin lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Suna daidaita gishiri, suna da hannu a hawan jini, suna ba da umarnin a ƙera sabon jini. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara kallon siffar ƙoda a faranti ya ce an gama ba.

"Kai dai mai kashe gwiwa ne"

Wannan shi ne abin da za a fara ce mini. Za a ce kowace sabuwar fasaha haka aka yi mata, shi kansa dashen ai da can mafarki ne.

Haka ne, kuma tarihin dashen ya fi goyon bayana. A ranar 23 ga Disamba 1954 Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Boston, ya kuma yi nasara ne saboda tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, jiki bai ga baƙo ba. A Disamba 1967 Christiaan Barnard ya dasa zuciya a Afirka ta Kudu, mara lafiyan ya yi kwana 18 ya rasu. Sai a 1983, da aka amince da maganin saikulosforin mai hana garkuwar jiki yaƙar sabon sashe, dashe ya zama aikin da ake dogara da shi. Kusan shekara 30 ke nan, kuma fa ana ɗauko sashen ne a kammale daga jikin wani. Yanzu ana maganar a gina shi daga tushe.

Shi ma Atala, aikin da ya sa ya yi suna ya nuna haka. Tun 1999 ya fara dasa wa yara mafitsarar da aka rena daga ƙwayoyinsu a ɗakin gwaji, da hannu aka yi ta, ba da inji ba, aka wallafa sakamakon mutum 7 a 2006. Mafitsara jaka ce, ta fi ƙoda sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka, gwajin da aka sake yi a kan yara 10, wanda ya fito a 2014, bai ba da sakamakon da ake fata ba, wasu ma sun gamu da matsaloli masu tsanani.

Akwai kuma abin da gaggawa ta haifar, wanda bai kamata a manta da shi ba. Paolo Macchiarini likita ne ɗan Italiya da ya yi aiki a cibiyar Karolinska ta Suwidin. Daga 2011 ya riƙa dasa wa mutane maƙogwaron roba da aka shafe da ƙwayoyin jikinsu, duniya tana yi masa tafi, manyan mujallu suna buga rahotanninsa. Mutum ukun da ya yi wa aikin a can duk sun mutu, wasu bayan doguwar azaba. Abokan aikinsa da suka tona asirin sun sha wahala kafin a saurare su. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara a Suwidin ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi. Ba da injin bugawa ya yi nasa ba, amma alkawarin iri ɗaya ne: sabon sashe daga ƙwayoyinka, babu jira, jiki kuma ba zai ƙi shi ba. Mutanen da suka kwanta a gabansa sun yarda ne saboda an gaya musu abin ya nuna, alhali ɗanye ne.

Saboda haka idan na ce a bi a hankali, rayukan mutane nake tunawa.

"Ai fatan samun sauƙi ma magani ne"

Wannan hujjar ta fi taɓa ni, domin na san abin da ake nufi. Mai doguwar jinya yana buƙatar abin da zai riƙe zuciyarsa. Me zai rage ni da shi idan na bar shi da fatansa?

Idan fatan ta tsaya a zuci, babu laifi. Amma mutane suna yanke shawara da ita. Ƙanina ya kusa ɗage gwajin da zai iya ceton matarsa saboda bidiyon minti ɗaya. Wankin ƙoda yana riƙe rai, amma kaɗan ne daga aikin ƙoda yake yi, kuma duk shekarar da mutum ya ƙara a kansa zuciya da jijiyoyi suna ƙara gajiya. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wanda aka yi wa dashe ya fi wanda ya zauna a kan wanki tsawon rai da jin daɗin rayuwa, kuma dashen da aka yi da wuri ya fi wanda aka jinkirta kyau. Jira yana da farashi, mara lafiya ne kuma ke biya da jikinsa.

Ban ce bayar da ƙoda wasa ba ne. Tiyata ce, tana da haɗari ko da kaɗan ne, kuma babu wanda ya isa ya tilasta wa wani. Idan yaron ya ce ba zai iya ba, haƙƙinsa ne, kada a zarge shi. Abin da na ƙi shi ne a gina shawarar a kan labarin da ba gaskiya ba.

Sannan duk inda aka tara masu neman mafita ido rufe, 'yan damfara suna nan tafe. An riga an ga yadda asibitocin bogi a ƙasashe da dama suke karɓar dukiyar mutane da sunan allurar ƙwayoyin halitta mai warkar da komai. Ranar da kalmar "ƙodar inji" ta zauna a bakin jama'a, za a samu wanda zai buɗe shafi a intanet ya ce a biya kuɗin ajiye layi.

To a daina kashe kuɗi a kai mana

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa tun da abin ya yi nisa haka, ɓarnar dukiya ce, gara a zuba kuɗin a rigakafi.

Rabin maganar na yarda da ita. Ciwon suga da hawan jini su ne manyan masu kashe ƙoda a duniya, kuma awon jini da na fitsari mai sauƙi yana iya gano matsalar shekaru kafin ta kai ga wanki. Wani nazari da ya fito a 2015 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 mutum miliyan 2.6 ne ke samun wanki ko dashe a duniya, yayin da aƙalla miliyan 2.3 suka mutu saboda ba su samu ba. Waɗannan injin wanki suka rasa, wanda aka ƙirƙira tun shekarun 1940. Ƙasar Sifaniya kuma ta nuna abin da tsari yake iya yi ba tare da wata sabuwar fasaha ba: ta kafa hukumar dashe ta ƙasa a 1989, ta sa ƙwararru a asibitoci waɗanda aikinsu shi ne zama da iyalan mamaci cikin mutunci don neman yardarsu a bayar da sassan jikinsa, ta kuma shafe fiye da shekara 30 tana sahun gaba a duniya wajen bayar da sassan jiki.

Amma ban yarda a rufe ɗakunan binciken ba. Ko da kowace ƙasa ta zama Sifaniya, sassan ba za su isa ba. A Amurka kaɗai fiye da mutum 100,000 ke kan layin jira, mafi yawansu ƙoda suke nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa dashen da ake yi bai wuce kashi 10 cikin 100 na buƙata ba. Wannan giɓin shi ne ya haifar da kasuwar bayan fage, inda ake sayen ƙodar talaka a kai wa mai hali, abin da ya sa likitocin duniya suka fitar da sanarwar Istanbul a 2008 don yaƙarsa. Wanda aka yi wa dashe ma bai huta ba, zai sha maganin danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwarsa, da duk abin da hakan ke jawowa na saurin kamuwa da cuta. Sashen da aka gina da ƙwayoyin mutum na kansa zai iya kawar da waɗannan duka. Abin da ke da irin wannan amfani ya cancanci a yi masa haƙurin shekaru.

Kuma tun kafin a kai can ana cin moriya. Ana buga ƙananan yankan hanta da na ƙoda da na fata domin gwada sababbin magunguna, a ga ko suna da guba kafin a ba mutum. Kusan tara cikin goma na magungunan da ke shiga gwaji a kan mutane ba sa tsallakewa, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne jikin ɓera ba jikin mutum ba ne. A ƙarshen 2022 Amurka ta gyara dokarta, ta cire sharaɗin dole sai an gwada kowane sabon magani a kan dabba. Wannan ba ya jan hankali a bidiyo, amma shi ne amfanin da ke hannu yau.

Shiga hurumin Ubangiji?

Na ji masu wannan tsoro, ina kuma girmama su. Sai dai injin bai taɓa halittar ƙwaya ɗaya mai rai ba. Daga jikin da Allah ya halitta ake ɗebowa, aikin injin jerawa ne, ƙwayoyin kuma su ke haɗe kansu bisa tsarin da aka halicce su da shi. Neman magani ne, kamar ɗorin karaya.

Tambayoyin da suka fi damuna su ne daga ina aka samo ƙwayoyin, kuma da yardar wa. Shinya Yamanaka na Japan ya sauƙaƙa ta farko, da ya nuna a 2006 da 2007 cewa ana iya mayar da ƙwayar fatar baligi ta koma ta asali wadda za ta iya zama kowane iri, ba sai an taɓa ɗan tayi ba. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Ta biyun tana nan. A 1951 an ɗebi ƙwayoyi daga jikin wata baƙar fata 'yar Amurka, Henrietta Lacks, ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyinta suka ci gaba da yaɗuwa a ɗakunan gwaji na duniya, kamfanoni suka yi arziki da su, iyalinta ba su ma sani ba sai bayan fiye da shekara 20. Idan gobe kamfani ya ɗebi ƙwayoyina ya gina wani abu da su, na wane ne? Ba a fafe gora ranar tafiya, yanzu ne lokacin rubuta dokar.

Wa zai samu?

A ce an yi nasara. Ƙoda ta fito daga inji, tana tace jini, tana fitar da fitsari. Wa za a dasa wa?

Muna da misali a gabanmu. A ƙarshen 2023 aka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin gado na masu cutar sikila. Farashinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya, alhali mafi yawan masu cutar suna Afirka da Indiya. Maganin yana nan a duniya, amma ga uwar da ke rainon ɗanta cikin ciwo kamar babu shi.

Za a ce farashi yana sauka. Yakan sauka, idan an matsa. Magungunan ƙanjamau sun haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, har zuwa 2001 da kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar a kan dala 350, bayan an daɗe ana gwagwarmaya mutane suna mutuwa. Kuma wancan ƙwayar magani ce da ake bugawa miliyoyi a masana'anta guda. Sashen jiki kuwa kowane mutum sai an rena masa nasa daban, makonni ko watanni, a ɗaki mai tsabtar gaske, da ƙwararru a kansa dare da rana. Irin wannan ba ya araha da sauƙi. Da yawa daga cikin binciken nan da kuɗin jama'a ake yinsa a jami'o'i, don haka jama'a suna da bakin tambaya tun yanzu: idan ya nuna, da wane sharaɗi za a miƙa shi ga kamfanoni?

Ina roƙon 'yan jarida da masu yaɗa bidiyo abu ɗaya mai sauƙi. Duk lokacin da za ku ce an buga wani sashe, ku faɗi girmansa, ku faɗi ko yana aiki, ku faɗi ko a faranti yake, ko a jikin dabba, ko a jikin mutum, da mutum nawa, da tsawon lokacin da ya yi. Jimla biyu sun isa.

Washegari na je na sami ƙanina, muka zauna na faɗa masa abin da na rubuta a nan. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "To Yaya, zan kira likitan." A makon da ya biyo baya aka ɗebi jinin yaron, da yardarsa, bayan likita ya keɓe da shi ya tambaye shi ko wani ne ya matsa masa. Yanzu sakamako muke jira, ita kuma gobe da asuba za ta koma kan injin wanki.